GIDAN KAWUSAN NA AGADAS, MASAUKIN DA BAƘINSA SUKA ƘARE

Shugabannin ƙungiya sun ce kada kowace fitowa ta zama lissafin kuɗin asusu da sanarwar biki da ta rasuwa kawai, a riƙa sa ɗan tarihi a ciki, suka kuma ɗora mini wannan kaya tun da ni ne mushen lakwal. To, na karɓa. Wannan karo zan kai ku Agadas, wurin wani gidan ƙasa wanda mafi yawanmu ba mu taɓa shiga ba, amma labarinsa ya bi ta ƙofar garinmu, har ya ci hatsin kakanninmu.

Wanda ya san Agadas ya san filin da ke gaban babban masallaci, mai hasumiyar nan ta ƙasa mai tsawon mita 27, wadda itatuwa suka fito mata ta kowane gefe kamar ƙayar bushiya. Fadar Sarkin Abzin tana maƙwabtaka da masallacin. Daura da su kuwa akwai wani gida mai kaurin bango, wanda direbobi da ƴan kabu-kabu suka sani da sunan Hôtel de l'Aïr, wato Otal ɗin Abzin. Ni ma da wannan suna na fara saninsa, sa'ad da aka tura ni aiki wata lakwal ta jihar Agadas bayan na fito makarantar horon malamai. Mun hardace sunan Kawusan da shekarun 1916 da 1917 saboda jarrabawa, amma a kanmu sunan yana cikin littafi ne kawai, ba shi da bango ba shi da ƙofa. Sai ran nan wani dattijo mai shayi a bakin filin ya nuna mini gidan da haɓa, ya ce, "Mushe, ai wancan gidan Kawusan ne." Daga baya na tarar haka yake a rubuce cikin takardun UNESCO: fada ce da aka gina wa Kawusan a 1917, bayan haka aka mai da ita otal.

Abu na farko da ya kamata mu riƙe shi ne Kawusan ɗan Damargu ne. An haife shi wajen 1880 cikin Abzinawan Ikazkazan, masu raƙuma da ke kai da kawo tsakanin ƙasarmu da duwatsun Abzin. Yana saurayi Faransawa suka ci birnin Damagaram a 1899, kuma cikin wannan shekara wata rundunarsu ta Foureau da Lamy ta keto hamada daga Aljeriya, ta sauka Agadas, ta bi ta Damargu ta yi kudu. Abzinawa da yawa waɗanda ba su yarda su zauna ƙarƙashin Nasara ba suka yi gabas wajen Kanem da Barku, inda ƴan ɗariƙar Sanusiyya ke da zawiyoyi da bindigogi, Kawusan yana cikinsu. Ya shiga ɗariƙar wajen 1909, ya yi yaƙi da Faransawa a ƙasar da ake kira Cadi yau, da aka fi ƙarfinsu ya yi arewa zuwa Fezzan, kudancin Libiya. Can ne sa'a ta zo masa. A 1914 da 1915 mutanen ƙasar suka kori Italiyawa daga Fezzan, bindigogin zamani da harsashi da igwa suka faɗo hannun ƴan Sanusiyya. Turai kuma ta kama da wuta, Faransa tana fama da Jamus, hankalinta da ƙarfinta duk suna can.

A nan gida fa? Dattawa sun fi ni sanin Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914, wadda har yau in tsohuwa ta ga yaro yana zubar da tuwo takan ambace ta. Ruwa bai sauka ba, rumbuna suka ƙare, dabbobi suka mutu, gari ya watse. Ba a gama farfaɗowa ba, kumandan bai daina karɓar lanho ba, ga kuma kamen raƙuma. Duk kayan bariki, daga hatsin soja har harsashi, a bayan raƙumi yake tafiya, raƙumin kuwa na Ba'abzine ne, a karɓe shi da ƙiba a maido shi ƙashi da fata, ko kuwa kada a maido shi sam. Cinikin hamada ma yana mutuwa, gama tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kayan da a da ke bin ayari daga Tarabulus ta Gat da Agadas suka koma bin teku ta Ikko. Mutumin da aka raba shi da raƙuminsa, aka kuma kashe masa hanyar kasuwa, ba ya bukatar dogon wa'azi kafin ya ɗauki takobi. Tun farkon 1916 Firhun, shugaban Abzinawan yamma, ya tashi a wajen Menaka, aka murƙushe shi kafin damina ta zauna.

Sarkin Abzin na lokacin, Tagama, Faransawa ne suka naɗa shi a 1908, kuma sun sakankance da shi ƙwarai. A fili yana zuwa gaisuwa bariki, a ɓoye saƙo yana tafiya tsakaninsa da Kawusan. A tsakiyar watan Disamba 1916 mayaƙa suka bayyana a Agadas, Sarki ya buɗe musu gari. Kaftin Sabatié da sojansa, waɗanda ba su kai ɗari ba, suka kulle kansu cikin bariki. Kada mu manta, in an ce sojan Faransa a wannan zamani, Nasara ƴan kaɗan ne a ciki, sauran duk baƙaƙe ne irinmu da aka ɗebo daga ƙasashe dabam-dabam. Kafin watan ya ƙare, sojan da ke rakiyar ayarin gishiri daga Bilma suka faɗa tarko kusa da gari, kaɗan suka tsira. Kawusan ya yi ta harba igwa kan barikin, amma bai ci shi ba.

Faransawa suka tattaro soja daga ko'ina. Ingilishi na Nijeriya suka ba su hanya, har wasu sojan ta jirgin ƙasan nan na Kano suka biyo, wato abin da ya kashe wa Abzinawa ciniki shi ne kuma ya kawo musu masu yaƙarsu. Kolonel Mourin ya tashi daga Damagaram da babbar runduna cikin watan Fabrairu 1917, ya shiga Agadas ran 3 ga Maris. Jama'a, ku duba hanyar da kanku, ku da kuka sha binta a bayan kamiyo. Babu yadda runduna za ta tashi daga Damagaram ta kai Agadas in ba ta ratsa Damargu ba. Mutum fiye da dubu da dabbobinsu, cikin rani, shekara uku bayan Kakalaba, ruwan wace rijiya suka sha, hatsin wane rumbu suka ci, wa ya ɗauki kayansu? Littafin lakwal yana cewa runduna ta tashi, runduna ta isa. Abin da ke tsakanin tashi da isa, a bakin kakanninmu yake.

Yanzu ku lissafa. Daga tsakiyar Disamba zuwa 3 ga Maris, kwana tamanin ne ko kusa da haka. Iyakar zaman da Kawusan ya yi a Agadas yana mai iko ke nan. Wato wannan ƙasaitaccen gida, mai shi bai ga damina ko ɗaya a cikinsa ba. Tun asalinsa masauki ne, gidan da mai gari ya tanada wa babban baƙo, baƙon kuma ya tashi da gaggawa bai waiwayo ba.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗi. Da Mourin ya shiga gari, Kawusan da Tagama sun riga sun fice zuwa duwatsu, sai fushi ya sauka kan waɗanda suka rage. Malamai da suka fake cikin masallaci suna zaton alfarmar wurin za ta tsare su, aka fito da su aka kashe. A Agadas da Ingal kaɗai an kashe kimanin mutum 130 a bainar jama'a. Yaƙin ya ci gaba cikin duwatsun Abzin har 1918, hare-hare suna kaiwa har Damargu, kuma Faransawa suka kwashe mutanen duwatsu daga garuruwansu don kada mayaƙa su sami mai ba su ruwa ko abinci. Wani Ba'ingilishe mai suna Francis Rodd da ya zaga Abzin a 1922 ya tarar da garuruwa da yawa kango, gidajen dutse a tsaye babu kowa ciki. Kawusan ya koma Fezzan, can aka kama shi aka rataye shi a Murzuk a farkon 1919, kuma ba Faransawa suka rataye shi ba. Tagama kuwa ya faɗa hannun Faransawa, aka kashe shi cikin kurkuku a 1920. Wanda ke jin Faransanci yana son cikakken labari, marigayi André Salifou, ɗan Damagaram, ya rubuta littafi guda kan wannan yaƙi tun 1973.

A nan zan faɗi ra'ayina, dattawa su gyara mini in na kauce. A lakwal muna koya wa yara Kawusan jarumi ne da ya ƙi mulkin mallaka, kuma gaskiya ne, ina koyar da haka da zuciya ɗaya. Amma manomin Damargu na 1917 ba jarumi ya gani ba, ƙura ya gani tana tasowa daga arewa ko daga kudu, kuma ko ta ina ta taso rumbunsa ne zai biya. Tun kafin Nasara talakan ƙasarmu yana auna wa masu raƙuma hatsi don a bar shi ya kwana lafiya. Shi ya sa in an ambaci yaƙin Kawusan a gaban wasu tsofaffinmu ba sa tafi, sai su yi shiru su girgiza kai. Labarin jarumta da labarin rumbu duka biyu sun faru, a shekara ɗaya, a ƙasa ɗaya, kuma yaron da aka ba shi ɗaya aka hana shi ɗayan an ba shi rabin gado.

Mu koma ga gidan. Abin da ya fi ɗaukar ido a cikinsa shi ne babban ɗakin da otal ya mayar wurin cin abinci, mai rufin bakan gizo da ke tashi daga manyan ginshiƙai. Yaran yanzu da suka tashi cikin kwano da siminti ba su san yadda ake wannan aiki ba, bari in ɗan tsaya a kansa. Magini ba shi da ƙarfe, ba shi da dogon katako, sai azara gajeru, na giginya a kudu, na goriba a arewa, don su ne gara ba ta cika ci ba. Sai ya kafa azara cikin bango ta ɗan karkato ciki, ya ɗaure ta da igiya, ya lulluɓe da laka, ya bari ta bushe. Sa'an nan ya ɗora wata a kanta ta ƙara karkatowa. Haka zai yi ta yi daga wannan gefe da wancan, hawa-hawa, har hannuwan biyu su haɗu a sama su riƙe juna. In ya gicciya irin wannan baka biyu ko fiye, ya shimfiɗa azara tsakaninsu, ya zuba ƙasa, ya sami ɗaki mai faɗi da tsawo wanda in bazara ta kai bazara ka shiga sai ka ce cikin randa kake. Aikin magina ne irin namu, dangin na Babban Gwani da ya gina masallacin Juma'a na Zariya tun ƙarni na 19, da na soraye da zaurukan Birnin Damagaram. Mutanen cikin garin Agadas ma ai Hausa suke yi a gida da kasuwa. Saboda haka wanda ya ce wannan gida na wasu ne can, ba namu ba, bai ɗaga kai ya dubi rufinsa ba.

Agadas gari ne da ke rayuwa da mai wucewa. In hanya ta buɗe ya cika, in ta toshe ya rame. Bajamushen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, da ya zo a watan Oktoba 1850 ya tarar da unguwanni da yawa kango, alhali shekara shida kafin zuwansa aka sake gina hasumiyar masallaci. Bayan ayari sai soja, bayan soja sai wasu irin baƙi da kakanninmu ba za su gane abin da suka zo nema ba: Nasara masu biyan kuɗi don su ga rairayi. An fara haƙar uraniyom a Arlit a 1971, aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Agadas da Arlit wajen 1980. Tseren motoci na Paris-Dakar tun fitowarsa ta farko, a Janairu 1979, ta Agadas ya bi. Matasan Turai suka riƙa keto hamada da tsofaffin motocin Peugeot daga Tamanrasset, su sayar a nan su koma gida. Mano Dayak, wanda filin jirgin Agadas ke ɗauke da sunansa, da kamfanin yawon buɗe ido ya yi suna kafin ya shiga tawaye. Har wani sanannen mai shirya fim ɗan Italiya, Bertolucci, ya ɗauki wani ɓangare na fim ɗinsa da ya fito a 1990 a cikin tsohon garin. A waɗannan shekaru maƙeran azurfa da dukawa da direbobi da masu raƙuma duk sun ci abinci. Gidan Kawusan kuwa ya cika da jikokin waɗanda ya yaƙa, suna cin abinci ƙarƙashin bakan gizonsa, in rana ta yi sanyi su hau soro su ɗauki hoton hasumiya. Wani zai ce abin kunya ne. Ni ban ce ba. Kuɗin ɗakin da suka biya shi ne ya sayi laka, ya biya magini, ya gyara indararo, kuma da gidan ya zauna a kulle don girmama mai shi, da tuni ya zama tudu.

Sai hanya ta sake toshewa, sau biyu. Bayan abin da ya faru a Cintabaraden a watan Mayu 1990 tawaye ya tashi, baƙi suka ɗauke ƙafa har aka sa hannu kan sulhu ran 24 ga Afrilu 1995, ranar da muke hutu kowace shekara. Aka ƙona makamai a Agadas a watan Satumba 2000, jirage suka dawo suna sauke masu yawon buɗe ido kai tsaye daga Faransa lokacin sanyi. Ba a daɗe ba tawaye na biyu ya tashi a 2007, ya kai 2009. A watan Satumba 2010 aka sace mutum bakwai a Arlit, biyar Faransawa, ɗaya ɗan Togo, ɗaya ɗan Madagaska. Daga nan ƙasashen Turai suka shafa wa arewacin ƙasarmu jan launi a taswirarsu, suka ce kada ɗansu ya taka. Ran 23 ga Mayu 2013 aka kai harin bam barikin soja na Agadas da ma'aikatar uraniyom ta Arlit. Wata ɗaya bayan haka, a watan Yuni 2013, UNESCO ta sa tsohon garin Agadas, da unguwanninsa 11, cikin jerin kayan tarihi na duniya. Yabo ya iso ran da masu zuwa kallo suka daina zuwa.

Ba a ce gari ya rasa masu wucewa ba. Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 dubban matasan Afirka ta Yamma suka riƙa bi ta Agadas zuwa Libiya, aka yi dokar hana safararsu a 2015, aka soke ta a watan Nuwamba 2023. A 2014 kuma aka ga zinariya a Jado, kun san samarinmu nawa suka tafi, wasu sun dawo da abin hannu, wasu ba su dawo ba. Amma waɗannan matafiya ba sa kwana otal. Tabarma a tsakar gidan wani ko a tasha ta ishe su. Samarinmu sun wuce ta gaban gidan ɗan ƙasarsu da jarka a kafaɗa, ba wanda ya gaya musu ko na wane ne.

To, ga inda maganar take. Gidan siminti in an kulle shi yakan jira mai shi shekara ashirin. Gidan ƙasa ba ya jira. Kowa a cikinmu ya san abin da ke faruwa da ɗakin da mai shi ya tafi biɗa bai aiko da kuɗin yaɓe ba: damina ta farko indararo ya toshe, ta biyu ruwa ya kwanta a soro ya jiƙa azara, ta uku sai a aiko maka cewa ɗakinka ya zauna. Itatuwan nan da suka fito a jikin hasumiyar Agadas ba ado ba ne kawai, matakala ce ta masu yaɓe, wato maginin farko ya san za a riƙa hawa ana sabunta ta har abada. Masallaci yana da jama'ar da ke taruwa su yi masa wannan aiki don Allah. Otal kuwa baƙo ne ke biya masa, in babu baƙo daga ina kuɗin yaɓe zai fito? Ga shi ruwan sama ya canza hali. A farkon Satumba 2009 ambaliya ta rushe gidaje masu yawa a Agadas. Daminar 2024 ta taɓa tsohon garin sosai, kuma ita ce ta kayar da tsohon masallacin Birnin Damagaram ran 3 ga Satumba, ginin tsakiyar ƙarni na 19, wanda da yawanmu mun yi salla a cikinsa. Da ya faɗi kowa ya yi ta aika hotonsa a waya yana salati. Tsagar da ke jikinsa kafin nan ba ta sami masu aika hotonta haka ba.

Akwai kuma gyaran da ya fi rashin gyara muni. Mai kuɗi ya ga bangon ƙasa yana zaizayewa sai ya sa a shafe shi da siminti, ya ce ya huta. Siminti ba ya numfashi. Danshi ya shiga ta ƙasa ko ta wata ƴar tsaga, ya rasa mafita, ya yi ta cin bango daga ciki, waje kuwa sumul, har ran da ɓawon zai ɓalle da rabin bangon tare. Maginan gargajiya sun san wannan, amma su ma suna ƙarewa, don yaro ba ya koyon sana'ar da ba a kiran ubansa aiki.

Masu zuwa Kaduna suna iya ba ku labarin abin da jiran gyara ke haifarwa. An gina Durbar Hotel saboda bikin FESTAC na 1977, babban gini na zamani a tsakiyar gari. Rigimar mallaka ta shiga tsakanin hukuma da iyalan Abacha, aka yi ta shari'a shekara da shekaru, gini yana kulle, ciyawa tana fitowa, kowa yana cewa in an gama shari'a za a gyara. A watan Janairu 2020 gwamnatin jihar ta sa katafila ta rushe shi. Wannan fa na kankare ne da ƙarfe.

Amma a nan ƙasarmu an yi wani abu dabam wanda ya fi ba ni sha'awa. Falke Barmu, maginin Yama ta jihar Tawa, wanda masallacinsa na ƙasa ya ci kyautar Aga Khan a 1986, shi ne ya tsara tsohon masallacin Dandaji. Da masallacin ya tsufa, jama'a kuma suka yi masa yawa, an yi niyyar rushe shi. Sai wata ƴar ƙasa mai ilmin zanen gini, Mariam Kamara, tare da abokiyar aikinta, suka kawo shawara a gina sabon masallaci a gefe, tsohon a gyara shi da hannun maginan wurin a mai da shi ɗakin karatu. Aka gama a 2018. Ba a jira mai yawon buɗe ido ba, yaran gari aka ba ginin, su ne ke shiga suna fita, kuma ginin da ake shiga kullum ana ganin tsagarsa tun tana ƙarama. Ban ce a karɓe gidan Kawusan daga masu shi ba, ba ni da wannan baki, ƙungiyarmu ma ba ta da shi. Na dai ce ɗakin da ya ɗauki masu cin abinci daga Turai zai ɗauki aji guda na ƴan lakwal da mushensu, su zauna ƙarƙashin bakan gizon a ba su labarin 1917 a inda ya faru.

Mu da ke zaune Lazare muna da wata alaƙa da wannan labari wadda ba mu cika lura da ita ba. Inda gidajenmu suke yau, a nan aka kafa sansanin waɗanda fari ya koro a 1973 da 1974, dubban mutane, mafi yawansu Abzinawa, da yawa kuma daga Mali, ƙasar da Firhun ya tashi. Wasu sun koma, wasu sun zauna a Yamai. Cikin ajina akwai yara masu sunayen Abzinawa zaune benci ɗaya da ƴaƴanmu, kuma in na zo darasin Kawusan duka kallo ɗaya suke yi mini, na wanda ake ba labarin wata ƙasa mai nisa. Tsofaffinsu suna riƙe da ɗaya rabin labarin, na waɗanda aka kwashe daga duwatsu da waɗanda aka kame wa raƙuma.

Yaɓen Agadas ya fi ƙarfin asusunmu, kun ji lissafinsa a shafin baya. Abin da ke hannunmu shi ne na bakin dattawa. Wanda ya ga yaƙin da idonsa babu shi yau, waɗanda suka ji daga bakin wanda ya gani su ne iyayenmu da ke zaune gaban tabarma a taronmu, kuma kowace fitowar wannan takarda tana ɗauke da sanarwar rasuwa. Saboda haka ina roƙon iyayenmu maza da mata, a taron Lahadin farko na wata mai kamawa, bayan an gama maganar asusu, a ba ni sa'a guda. Kowa ya kawo abin da ya ji game da Kakalaba da yaƙin Kawusan: ina garinmu ya gudu ya fake, wace rijiya runduna ta sauka, gidan wa aka ɗauki mutum ɗaukar kaya, wa ya dawo, wa bai dawo ba, a ina aka binne hatsi. Ko abin da kuke gani ƙarami ne, ku kawo shi. Zan zo da littafi da alƙalami, ƙanenmu sakatare zai ɗauki murya a waya ga wanda ya yarda. Ɗalibai masu zuwa gida hutu su zauna da kakanninsu mata, don su ne suka fi riƙe sunaye. Na kuma yi magana da wani dattijo Ba'abzine maƙwabcinmu, ya ce in an gayyace shi zai zo da nasa. Direbobinmu masu bin hanyar Agadas kuwa, in kun sauke kaya, ku ɗan ratsa filin masallaci, ku yi sallama a ƙofar gidan, ku nemi izini a nuna muku babban ɗakin, ku zo mana da labarin halin da kuka tarar da bangonsa da indararonsa bayan damina.

Wassalam. Ɗanku kuma ɗan'uwanku, mushen lakwal, Lazare, Yamai.